Burtalin da Ba Ya Cikin Taswira

Kalilu ma'aikacin awon filaye ne a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Daura. Shekarar da aka yanke shawarar yanka wani ɓangare na gandun daji a raba wa manoma haya, shi aka tura ya auna, ya kafa turaku. Hujjar hukuma ita ce jama'a sun ƙaru, gonaki sun yi kaɗan, dajin kuma yana zaune ba ya kawo komai.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne takardun masu nema. Mutane sun nema daga Zango, daga Daura, har daga Katsina, amma babu ko mutum ɗaya daga Ɗan Kalgo, ƙauyen da ke bakin dajin. Ya tambayi mai garin dalili.

"Mu dai mun gode," in ji mai gari.

Ranar Talata da hantsi Kalilu ya shiga dajin a kan babur. Damina ta kusa, ƙasa ta bushe ƙamas. Ya yi ta awo yana kafa turaku har rana ta take tsaka. A wani sarari tsakanin itatuwan gawo ya kafa guda shida a jere, sannan ya zauna a gindin wata aduwa ya sha ruwa, ya ba su baya. Bai fi minti goma ba.

Da ya juyo, turakun nan duk suna kwance. Sararin ya cika da sawun shanu, ɗaruruwa, sun fito daga arewa sun miƙe kudu, sun bi ta kan sawun tayar babur ɗinsa. Ga kashin shanu ɗanye, da ya kai hannu kusa ya ji ɗumi. Amma bai ji kukan saniya ko ɗaya ba, bai ga ƙura ba, ko tsuntsayen da ke kan gawo ba su tashi ba. Ya dubi inda ya zauna. Sawun sun rabu biyu, sun kewaye shi, sun sake haɗewa a gaba.

Ya ja babur da hannu ya fita. A bakin dajin ya tarar da wata tsohuwa, Shatu, tana ɗaure itace. Ta dubi fuskarsa, ta dubi takalmansa.

"Ɗan nan, a kan hanyarsu ka tsaya?"

"Iya, shanun wa ne?"

"Burtali ne tun kakanninmu. Shekarar babban fari garke-garke sun biyo ta nan za su tafkin kudu, suka tarar ya ƙafe. Ba su koma ba, su da masu su. Duk gabanin damina da farkonta suna wucewa. Ba sa taɓa kowa, in an bar musu hanya."

Kalilu ya koma ofis ya zana taswira, ya ware wani ziri mai faɗin taku hamsin, ya rubuta cewa hanyar dabbobi ce. Shugabansa ya duba tsohuwar taswirar hukuma, bai ga burtali ba.

"Gonaki huɗu ka zubar. A kan wane dalili?"

"Yallaɓai, na ga sawu."

"Ka ga shanun?"

Kalilu ya ce bai gan su ba. Aka ba wani ma'aikaci aikin, shi kuma aka mayar da shi sashen kasuwanni. Wani ɓangare na zirin ya faɗa cikin gonar wani ɗan kasuwa, Alhaji Saminu, wanda ya kewaye ta da waya, ya shuka gero da ruwan farko.

Geron yana kai ƙauri aka tarar an tattake shi, miƙe daga arewa zuwa kudu. Wayar tana nan lafiya, ƙofar a kulle. Aka kama wani makiyayi, Audi, wanda rugarsa ta fi kusa, duk da shanunsa tara ne kacal.

Kalilu ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya tafi kotu ya nemi a saurare shi. Bai faɗi abin da Shatu ta gaya masa ba. Ya ce wa alƙali shi mai awon filaye ne, a je a ƙirga sawun, a duba wayar. Alƙali ya tura mutum uku tare da shi.

Sun isa da azahar. Suna tsaye a tsakiyar gonar, ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, ya ɗaga hannu ya ce a yi shiru. Iska ba ta motsi, amma sauran geron da ke tsaye ya fara kwanciya a hankali, layi bayan layi, yana nufo su. Suka matsa gefe, suka tsaya har ya wuce.

An sallami Audi saboda rashin hujja, ya kwashe iyalinsa ya tsallaka Nijar. Alhaji Saminu ya mayar da gonar, ya kwance wayarsa. Hukuma ba ta yarda a rubuce cewa akwai burtali ba. Har yanzu fili ne na haya mai lamba goma sha bakwai, ana sa shi a sanarwa duk shekara. Bana wani baƙo daga birni ya karɓa, ya zo sashen kasuwanni yana tambayar inda zai sami mai tarakta. Kalilu ya ba shi kujera, ya ce ya ɗan zauna tukuna, akwai labarin da zai ba shi.