Kara da Iri

"Yayyafawa za ki yi, Dije, ba kwarara ba."

Muryar Malam Haliru ce daga bayan zanar da ta raba gidajensu a Rurum, tari yana sarƙe ta. Dije ta tsoma yatsu a ƙwarya ta yayyafa ruwa a murfin gwangwanin da ya turo mata ta ƙarƙashi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ce da kashin awaki, sai wasu 'yan tsirrai farare, sirara kamar gashin jariri.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a Zariya yana wanke wa wani Bature mai binciken ƙasar noma kwalabe. Ana shagalin samun 'yanci ya dawo, ba mata ba ɗa, sai ciwon ƙirji da wannan abin.

"Baba, ni dai kar 'yata Huseina ta kai baki."

"Ba ya kisa. Wasu 'yan halittu ne, ɗaiɗai suke yawo suna ci, ido ba ya ganinsu. In abinci ya ƙare sai su taru su dunƙule. Wasu su zama kara su bushe, wasu su hau kansu su zama iri."

"To wa ke rabon?"

"Baturen ya ce rubutun da ke cikinsu duk ɗaya ne. Kowa dai da shafin da aka buɗe masa."

"Shi na karan, ana tambayarsa?"

Ya yi dariya har ta koma tari.

Ranar Talata da hantsi ta gaishe shi, ba amsa, sai numfashi kamar ana jan zarto. Unguwa kaf an tafi cirar gyaɗa. Ta ƙwala kira har muryarta ta dushe. Mijinta Maharazu kuwa, ranar da zai tafi aikin hanya, cewa ya yi in ta taka zaure a bakin aurenta. Ga tsoho zai cika ba mai laƙƙana masa shahada.

Ta je ƙofar zaure ta tsaya. Ta dawo. Ta ɗaure ƙugun Huseina da ɗankwali a jikin turmi, nesa da tarin, ta ɗauki wuƙa ta yanke igiyar zana.

Yana kwance a bakin ɗakinsa. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Kin fito?"

"Ban taka zaure ba, Baba. Ka ce la'ilaha illallahu."

Ya faɗa, ta ƙara, ya ƙara faɗa. A na uku ita kaɗai ta ƙarasa.

Ta shafe masa ido, ta lulluɓe shi da mayafinta, ta zauna jiran mutanen gona. Ta kafar zanar tana hango Huseina, ta gaji da kuka, ta jingina kai da turmi tana tsotsar bakin ɗankwalin.