Asabar, Ƙarfe Huɗu

Mai Ɗinki ta ture almakashi gefe, ta shimfiɗa takardar jerin wasannin mako a kan teburin yanka, ta danne ta da dutsen guga.

"Karanto mana, Auta. Tabarauna ya shige cikin ƙyallaye."

Auta, ƙanwarta, ta jawo kujera. Ƙungiyoyi biyar ne za su yi wasan kwaikwayo a unguwar cikin makon, kuma uku daga ciki kayan shagon nan za su saka. Ita Mai Ɗinki ba ruwanta da labari. Jarumi ya mutu ko ya rayu, idonta na kan kafaɗar rigarsa.

"Laraba, wasan ma'aikatan asibiti."

"Za mu je. Ni na yi musu fararen riguna."

"Alhamis, na ɗaliban kwaleji."

"Wani ya ɗinka musu, kuma na ga hannun rigar. Tsallake, kada jinina ya hau."

"Asabar, ƙarfe huɗu, babban zaure, wasan alƙali."

Nan ta gyara zama. Kwana goma sha ɗaya ta yi a kan rigar alƙalin nan, sau uku tana farke wuyan. Sau ɗaya tak za a yi wasan, an kuma ba ta kujera a layin gaba. Duk wanda ya leƙo shagon sai ya sha labarin rigar, har wanda ya zo tambayar hanya.

"Akwai wani ma a daidai lokacin, a ɗakin saman laburare. Wasan nan-take."

"Mene ne kuma haka?"

"Ba rubutaccen labari, Yaya. 'Yan kallo su jefo magana, 'yan wasa su ƙaga labari a tsaye."

"Da kayan jikinsu?"

"Da kayan jikinsu."

"Tsallake."

Auta ba ta tsallake ba. Ta kai takardar dab da hancinta, ta ƙura wa ɗan hoton da ke ƙasa ido, sai ta dafe ƙirji.

"Yaya, wannan ba Malam ba ne?"

Nan da nan tabarau ya fito. Mutum shida ne a hoton, na biyu daga hagu ya ware hannuwa, baki buɗe, kamar mai tsayar da mota. Mijin Mai Ɗinki ne. Mutumin da ya shekara talatin yana tantance wasiƙu a gidan waya, wanda hirarsa ta yini guda ba ta wuce "madalla" da "Allah ya kyauta". Tun da ya yi ritaya, duk Talata da Alhamis sai ya ce ya tafi laburare.

Suna cikin haka ya yi sallama, riƙe da kwanon abincin ranarta kamar kullum. Ya dubi takardar, ya dubi fuskokinsu, ya ajiye kwanon a hankali.

"Ai laburaren nake zuwa," in ji shi. "Bene kawai nake hawa."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

"Wata takwas, Malam! Muna gida ɗaya!"

"Ke kin saba da gwanaye. Ni koyo nake."

Auta dai ba ta barin ta-kwana. "Malam, ɗan taɓa mana! Ga magana: tela ta ɓatar da tabarau."

Sai ya juya wa matarsa baya, ya riƙe ƙugu, ya shiga ɗaga ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya taɓa min tebur? Nan na ajiye shi, nan! Ni fa a shagon nan kaya ƙafa gare su!" Muryarta ce sak, har da ɗan tsakin ƙarshe. Ya tuhumi keken ɗinki, ya tuhumi fanka, ya yi wa wani maƙwabci da bai san hawa ba bai san sauka ba Allah ya isa. Auta ta zame daga kujera tana riƙe da ciki.

Mai Ɗinki ta so ta yi fushi, abin ya gagara. Ashe duk shirun nan saurarenta yake yi. Alfahari ya cika mata ƙirji har ya hana ta dariya sosai.

Ya juyo, suka haɗa ido, maganar ta ɗauke ɗif. Hannuwansa suka sauka.

"Kin gani ko? Da na ga fuskarki, shi ke nan. Ki je ki ga rigarki, Hajiya. Kin sha wahalarta."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta jawo aljihun tebur, ta ciro katin shiga babban zaure, ta miƙa wa Auta.

"Ki zauna a gaba. In ya ɗaga hannu zai yanke hukunci, ki duba min hammatar, ko ta ja."

"Yaya, kwana goma sha ɗaya fa!"

"Na san lissafi." Ta juya ga mijinta. "A ɗakin naku, wace kujera ce ba a hangowa daga dandamali?"

Ya buɗe baki zai yi musu, ya fasa. Ya ɗan yi tunani.

"Layin ƙarshe, hannun hagu. Akwai ginshiƙi." Ya sosa ƙeya. "Sai dai ba a jin magana sosai daga can."

"To?"

"Zan ɗaga murya," in ji Malam.