Rabuwar Zauren Masu Alƙalami

Japhet Maikano kafinta ne a wani ƙauye da ke gefen Shanono, kuma kamar kowa a wajen, manomi ne. Ƙofofi da benci ne ke ciyar da gidansa, amma ransa na wajen guntayen katakon da ke ragewa. Ya haɗa wani ɗan injin juya katako da kansa. Da shi yake juya guntun kirya ko maɗaci, ya huda cikinsa, ya zura ƙwayar biro, ya goge shi har mutum ya ga fuskarsa a jiki.

Shekara biyu baya, ya buɗe zaure a WhatsApp, ya sa masa suna Zauren Masu Alƙalami. Da mutum tara ya fara. Kafin ya ankara, masu fiƙe alƙalamin gamba na rubutun allo suka shigo, masu na kara suka biyo, sai ’yan katako irinsa daga Bici, da Gwarzo, har da Maraɗi. A daminar da wannan abu ya faru, mutum ɗari bakwai da ɗoriya ne a ciki, kuma shi kaɗai ne admin.

Aikin ya fi ƙarfinsa. ’Yan damfara su shigo da tallar banza, sababbi su yi tambayar da aka amsa sau ashirin, wasu su kaure da cacar baki a kan abin da bai shafi alƙalami ba. Ciyawa ta fara cin geronsa. Matarsa Leah ta same shi wata safiya a kan turmi, waya a hannu, fartanya a jingine.

“Baban Jemima, maƙwabta sun gama maimai. Kai wayar ce za ta yi maka?”

A ranar ya rubuta sanarwa. Ya ce zaure na neman mutum huɗu da za su taimaka don Allah, babu biya: mai tarbar sababbi, mai korar ’yan damfara, mai tattara darussa, da mai jawo sababbin mutane. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya: an fi son wanda ya yi boko.

Kwana biyu babu wanda ya ce uffan. A na uku mutum biyu suka amsa. Ta farko Nana Hafsat ce, malamar firamare a Rimin Gado, mai naɗa wa alƙalamin gamba zare kala-kala. Na biyu kuwa, da Japhet ya ga sunan sai ya ja tsaki.

Malam Hashimu na Kunci ya haura hamsin. A wajen mahaifinsa ya gaji fiƙe alƙalami, shi ma a wajen nasa. Bai iya rubutun boko ba, da saƙon murya yake magana, kuma idan ya yi kowa yana saurara, domin babu wanda ya kai shi sanin wace gamba ce ta nuna, da yadda ake tsaga bakin alƙalami ba tare da ya dare ba. Tun shigowarsa ba sa ga maciji da Japhet. Ya taɓa cewa a gaban kowa abin da ’yan katako ke yi ba alƙalami ba ne, biro ne aka ɗinka wa riga.

Japhet ya yi wa Nana Hafsat godiya, ya yi kamar bai ga na Hashimu ba. Da la’asar saƙon murya ya shigo zauren.

“Jama’a, na miƙa hannu an ƙi karɓa. An ce sai ɗan boko. To ina tambaya, da Turanci ake fiƙe alƙalami? Ko kuwa kafinta yaran shago yake nema, ba abokan aiki ba?”

Zauren ya ɗauka. Masu gamba, waɗanda su ne mafi yawa, suka yi ta jefo magana. Wani ya ce dama an daɗe ana raina su. Wani ya ce hoton da ke kan zauren ma biro ne na katako. Japhet ya karanta har kunnuwansa suka yi zafi. Don a yi shiru, ya danna sunan Hashimu ya mai da shi admin, ya mai da Nana Hafsat. Sannan ya rubuta cewa kada wani admin ya taɓa komai sai ya tambaye shi.

Hashimu ya amsa da kalma ɗaya: “Madalla.”

Washegari Japhet ya ɗauki fartanya ya tafi gonarsa ta kwari, inda sabis ba ya kaiwa. Ya yi noma tun hantsi har rana ta karkata, ransa sakayau, karo na farko cikin watanni. Yana hawowa tudu a hanyar gida wayar ta fara kuka a aljihunsa kamar ba za ta daina ba. Ya tsaya a gindin wata ɗorawa ya duba.

An canza sunan zauren zuwa Masu Alƙalami Na Asali. An cire hoton, an sa damin gamba. Sai jerin sunaye, layi bayan layi: Hashimu ya cire wane, Hashimu ya cire wane. Duk wanda ya taɓa sa hoton biro na katako an fitar da shi, mutum ɗari da tamanin da wani abu. Japhet kaɗai ya rage, shi ma don wanda ya buɗe zaure ba ya ciruwa.

A ƙasa akwai saƙon murya. “An ce a kori masu tallar abin da ba alƙalami ba. Na kora.”

A nan tsaye Japhet ya sauke Hashimu daga admin, ya fitar da shi daga zauren gaba ɗaya, ya rubuta maganar da daga baya ya so a ce bai rubuta ba: ya ce wannan shi ne sakamakon ba wa jahili maɓalli.

Kafin ya isa gida mutum sittin sun fice da kansu. Waɗanda suka tsaya suka rabu biyu suna zagin juna. ’Yan katakon da aka kora suka riƙa kiransa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma shi suke zagi, wai shi ya sayar da su. Leah ta ajiye masa tuwo, ya huce bai taɓa ba.

Da safe ya tayar da babur ya nufi Kunci. Hanya duk taɓo, sau biyu yana sauka ya tura. Bai sha wahalar samun Hashimu ba. Yana zaune a rumfarsa a bakin kasuwa, ya miƙe ƙafa ɗaya, damin gamba a gefensa, ’yar wuƙa a hannu. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa ido da ido, amma kowa ya gane kowa.

Japhet bai yi sallama ba. “Shekara biyu ina tara mutanen nan. Ka watsa su a wuni ɗaya.”

Hashimu bai ɗago ba. Ya ja wuƙar a kan gamba, ɓawon ya faɗi a cinyarsa. “Kai ka tara su?”

“Wa ya buɗe zauren?”

“Ka buɗe. Wa ya zaunar da su? Je ka ƙirga tambayoyin da aka yi a zauren nan, ka ga wa ya amsa. Kai in ka yi magana, hoton bironka ne, a ce ya yi kyau.”

“Shi ya ba ka ikon korar mutane?”

“Kai ka ba ni.” Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ja. “Bari in tambaye ka, kafinta. Bidiyon da na yi bara ina tsaga bakin alƙalami, ina ka kai shi?”

Japhet ya san bidiyon. Ya ɗora shi a shafin da ya buɗe wa zauren a Facebook, ya yanke inda fuska take, ya bar hannaye, ya rubuta bayani da Turanci da sunan zauren da nasa. Dubban mutane suka kalla, da yawa ta nan suka shigo.

“Don zaure na yi,” in ji shi.

“Don zaure. Ɗan ƙanena da ke karatu a Kano ya nuna mini. Ya ce, Baba, ba hannunka ba ne wannan? Ga tabon wuƙar nan. Na ce nawa ne. Ya ce to ina sunanka?” Ya ɗaga babban yatsansa na hagu, tabon ya fito fari. “Hannuna ya isa a yi talla da shi, amma ni jahili ne. An karanta mini abin da ka rubuta jiya.”

Mutane sun fara taruwa. Da Japhet ya ce a yi haƙuri a nan, wataƙila da magana ta canza. Amma idanun jama’a na kansa, ga zafin ɗari da tamanin ɗin nan a ƙirjinsa.

“Waɗanda ka kora su suka ɗauki bidiyonka? Da ka zo ka same ni. Amma sai ka lallaɓa kamar ɓarawo ka jira na tafi gona.”

Hashimu ya miƙe. Ya ajiye wuƙar a kan tabarma tukuna, kowa ya ga ya ajiye. “Maimaita.”

Japhet ya matsa gaba, ƙafarsa ta bugi damin gamba, ya kwance ya watse cikin taɓo. Ko da gangan ne, shi kansa bai iya rantsewa ba. Hashimu ya caƙumi wuyan rigarsa, maɓalli biyu suka tsinke. Wani mahauci mai suna Mati ya shiga tsakani da faɗin kafaɗarsa, wasu suka riƙe Hashimu, wasu suka tura Japhet wajen babur ɗinsa.

“Hau ka tafi, bawan Allah,” in ji Mati. “Nan garinsu ne.”

Kafin mako ya zagayo Hashimu ya buɗe nasa zauren. Mutum kusan ɗari uku suka bi shi. Dokarsa ta farko ita ce babu katako.

Japhet yana shago yana fere ƙafar benci Nana Hafsat ta kira. Ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba.

“Malam Japhet, na kwafe lambobin waɗanda aka cire. Zan bi su ɗaya-ɗaya in roƙe su su dawo. Amma ba zan yi a kan dokarka ba.”

“Wace doka?”

“Ta kada a taɓa komai sai an tambaye ka. Ni ma da na karanta ta na ji haushi, na dai yi shiru. Abin da Malam Hashimu ya yi mugunta ce, na gaya masa. Amma kai ma ka ce kana neman masu taimako, alhali masu yi maka bauta kake so. Admin biyar za a yi, jama’a su zaɓa, kai ɗaya ne a ciki. Abin da uku suka yarda shi za a yi.”

“A zauren da na buɗe da wayata?”

“To riƙe shi da wayarka. Ni ina da ’yan aji sittin, ba aiki na rasa ba.”

Ya kashe wayar. Kwana uku yana cika yana batsewa. Ya duba zauren, ya ga tallar ’yan damfara ta yi yawa, mutane na ci gaba da zamewa. A rana ta huɗu ya aika mata: na yarda.

Ta sake rubuta sanarwar da kanta, ta kuma karanta ta da murya don waɗanda ba sa karatu. Ba ta ambaci boko ba. Mutum bakwai suka fito, aka zaɓi uku: Sabiru mai katako daga Bici, da wasu masu gamba biyu da suka ƙi bin Hashimu. Cikin waɗanda aka kora, kusan ɗari da ashirin suka dawo. Sauran suka ce sun gaji.

Abu na farko da admin biyar suka tattauna shi ne bidiyon. Huɗu suka ce a sa sunan mai shi. Japhet ya sa, haƙoransa a cije: Malam Hashimu, Kunci. Nana Hafsat ta aika wa Hashimu hoton gyaran. Amsar ta dawo ta hannunta, saƙon murya na daƙiƙa huɗu.

“Ba na so. Ya sauke shi gaba ɗaya.”

Aka sauke.

Bayan an yi girbi, Nana Hafsat ta kawo shawarar a haɗu ido da ido a Rimin Gado, kowa ya zo da kayan aikinsa. Japhet ya ce bai ga amfanin haka ba, aka rinjaye shi. Da labari ya kai wa Hashimu, sai ya sa nasa taron a rana ɗaya, a gari ɗaya, a ƙofar gidan wani abokinsa da ke ɗaya gefen titi. Mutum ashirin da uku suka zo wajen su Japhet. Na Hashimu sun fi haka, ana hango fararen rigunansu daga nesa. Wasu suka riƙa tsallaka titi, su zauna nan kaɗan, su koma can.

Aikin da aka ba Japhet shi ne kawo benci. Ya ɗauko shida daga shagonsa a kan a-kori-kura, ya sauke su shi kaɗai, ya jera a inuwar darbejiya. Yana ɗauke da na ƙarshe Hashimu ya zo wucewa a kan keke, dami ɗaure a baya. Suka dubi juna. Ba su gaisa ba. Sabiru ya ƙwala masa kira daga wajen injin juya katakon da aka kawo, wai bel ɗin ya zame, sai Japhet ya ajiye bencin ya tafi ya duba.