Gidan Baba a Kwamfuta

Likita ya ce idon Baba ba zai kai baɗi ba. Ni kuwa zanen gine-gine ne sana'ata, don haka na ƙudurta sai ya ga gidan da zan gina masa, ko da a kwamfuta ne, tun da sauran gani.

Na zuba ƙwarewa, ba ƙarya. Kowace taga na yi mata ƙarafuna masu lanƙwasa, na jera tayil ɗaya bayan ɗaya, bishiyar tsakar gida ma sai da na bi ta ganye-ganye. To fa! Da na zaunar da Baba a ofis na ce bari in juya masa gidan, sai manhajar ta cije. In taɓa, ta tsaya, fankar kwamfutar na huci kamar an ɗora mata buhu.

"Ya yi kyau, uwata," in ji Baba, yana gyaɗa kai. Muka yi ta jira har ya gaji, ƙanena ya mai da shi gida. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abin kuma ya ɗaure mini kai. Sabuwar kwamfuta ce fil, mai ƙwaƙwalwa takwas. Na kira abokin aikina da muke ce wa Dogo, ya buɗo wani ɗan allo mai akwatuna takwas, kowace ƙwaƙwalwa da akwatin da ke nuna nauyin aikinta. Ɗaya ya cika maƙil, bakwai suna zaman kashe wando.

"Su waɗannan me suke jira?"

"Ba a ba su aiki ba. Wannan manhajar, wajen juya zane, layi ɗaya take bi, sai ta gama wannan ta kama wancan. Ko ɗari kika sayo, ɗayan nan ce za ta sha wuya."

"To a raba musu mana!"

Ya yi dariya. "Ba ni na ƙera ta ba, ranki ya daɗe. Rage mata kaya."

Na zauna ina gwadawa, ina leƙen akwatin nan da ya cika. Na cire ganyaye, ya ɗan sauka. Na kashe inuwa, ya ƙara sauka. Ashe ƙarafunan tagogin nan da nake taƙama da su, su ne manyan masu laifi. Abin ya koma mini wasa, cire wannan, leƙa, cire wancan. Kafin in farga gidan ya zama fararen bangaye da baƙaƙen layuka masu kauri, tsirara, ba ado ko ɗaya. Amma yana juyawa sumul.

Kunya ta kama ni da aka kawo Baba washegari. Na fara ba shi haƙuri, cewa wannan ƙwarangwal ne kawai, adon na nan zan mayar.

Bai saurare ni ba. Ya matso da kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗora yatsa a kan wani baƙin layi, ya bi shi a hankali har sama.

"Tsaya, kar ki juya. Wannan matakala ce?"

"E, Baba."

"Ikon Allah! Ashe bene ne?"

Na juyo na kalle shi. "Baba, jiya fa kun ce ya yi kyau."

"Jiya hazo kawai na gani, uwata. Na ji muryarki ne, na san ya yi kyau." Ya goge ido da bakin riga. "Kar ki mayar da komai. Nuna mini ɗakina."