Sabulu da Takobin Kunya

Malam Ya'u mai aikin riga bai taɓa sayen sabulu mai tsadar wannan ba, bai kuma taɓa ganin mai kumfarsa ba. Katan guda ne a kusurwar zaurensa da ke Kwarbai, jingine da buhun zare. Tun yana yaro mai koyo ba ya taɓa farar shadda sai ya wanke hannu, saboda haka shi ya fara gwada sabulun a kansa. Na gaske ne, ga ƙamshi ga laushi. Da jabu ne da hankalinsa ya fi kwanciya.

Suhaib ne ya kawo katan ɗin. Ɗan marigayi ƙanensa ne, a hannunsa ya girma. Ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo gida yana bin aiki aiki na gudu. Wata hantsi ya shigo zauren da fara'ar da aka daɗe ba a gani a fuskarsa ba, ya zauna a bakin tabarma, ya buɗe waya ya nuna hoton wata bishiya mai saiwa a sama, rassa a ƙasa.

"Baffa ka gani, nan ni ne. Kai kuma za ka zo ƙarƙashina." Sai ya ji nauyin abin da ya faɗa. "Wato a tsarin kamfani kawai, Baffa."

"To, Allah ya nuna mini," in ji Malam Ya'u yana dariya. "Ci gaba, ranka ya daɗe."

Suhaib ya yi bayani tiryan-tiryan kamar mai biya hadda. Mutum zai biya kuɗin rijista a ba shi katan. Sai ya kawo mutum uku su ma su biya, kowannensu ya kawo nasa ukun. Duk wanda ya shigo ta hannunka kana da kaso a kansa, na samanka ma yana da shi.

"Sabulun fa? Wa zai yi wanka da shi?"

"Ai ba sabulun ne maganar ba, Baffa. Mutane ne maganar."

Malam Ya'u ya biya daga ladan wata riga da ya gama wa wani Alhaji na Tudun Wada, bai kuma yi da-na-sani ba. Yaron da ka raina ya zo maka da fata a ido, ba ka mayar da shi hannu rabbana. Abin da ya rage shi ne mai nauyin. In wata ya ƙare shi Malam Ya'u bai kawo mutum uku ba, Suhaib zai faɗo daga matakin da ya hau, abin da ya zuba ya bi ruwa. Har sunaye yaron ya zo da su: Bahago da wasu biyu, duka a wannan zauren suka koyi riƙe allura, yanzu kowa da nasa zauren da iyalinsa.

"Su ai ba sai ka yi dogon bayani ba," in ji Suhaib yana sa takalmi. "Kai ko kallonsu ka yi sun shiga."

Wannan maganar ta ƙi fita daga zauren. Malam Ya'u bai yi boko ba, karatun zaure ma tsintarsa ya yi da girma, yana zuwa bayan asuba ya zauna daga baya-baya. A can ya taɓa jin an ce abin da aka karɓa da takobin kunya haramun ne. A lokacin ya ɗauka ana nufin irin mutumin da zai yi ta yabon hularka a gaban jama'a har sai ka cire ka ba shi. Bai taɓa zaton shi ma yana rataye da takobi ba.

Amma in ya juya maganar, sai ɗaya fuskar ta bayyana. Ba wanda ya yi masa ƙarya. Sabulu ga shi nan yana kumfa. Dillali ma yana cin la'ada a kan cinikin da ba kayansa ba, ba a ce ya ci haram ba. Wa ya sani, ko arzikin Bahago a nan yake, shi kuma ya tare masa hanya da tsoron banza? Ga kuma maraya da ke shirin aure bayan salla. Ya yi ta ɗinki yana saƙawa da kwancewa, har ya tsinci kansa ya cika wani gurbi a jikin aska, wato zanen adon gaban rigar, da zaren da ba nasa ba, sai da ya farke.

Da yake farkewar ne dabara ta zo masa. In kasuwancin nan yana da ƙafar tsayawa, to ya tsaya a gaban wanda zai iya ƙi. Sai ya shiga bin mutanen birni a ransa. Wannan yaronsa ne, wancan suruki, wancan maƙwabci ne da ya taɓa tsaya wa a wajen neman aure. Abokan zamansa ma in sun ga ya matsa za su biya don kada a ji kunya. Ya yi mamakin yadda mutum zai tsufa a gari ya rasa mai ce masa a'a. Mutum ɗaya ce ta rage.

Uwa taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, tana aure a Amaru. Tana sayar da kayan masarufi a cikin gida: gishiri, ashana, man gyaɗa, sabulun wanki. Tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Ya sa sabulu biyu a aljihu, ya bi lungu a ƙasa, don tafiya ce da ba ta kai ta keke napep ba.

Ya yi sallama, aka ce ya shigo. Ya same ta a tsakar gida tana ƙulla gishiri a leda.

"Lale da bawana! Yau wace rana? Ko shara ka zo yi mini? Ga tsintsiya can."

"Wace shara, ke da kika cinye mini kuɗin sharar bara? Uwargijiyar da ba ta iya ciyar da bawa ai sai ta 'yanta shi."

"In 'yanta ka wa zai ɗauke ka? Dubi gemu duk furfura. Zauna kada ka faɗi mini a gida."

Ya zauna a kan turmi da aka kifa, ya fito da sabulun. Ya yi mata bayanin da Suhaib ya yi masa, bai rage ba bai ƙara ba, har bishiyar ya zana mata a ƙasa da tsinke. Ta ɓare takardar ta shinshina, ta jawo buta ta wanke hannu har gwiwar hannu.

"Kai, yana da kyau. Nawa?"

Ya faɗa.

Ta dube shi, ta dubi kumfar da ke hannunta. "Da ka faɗa tun farko ai da ban ɗauraye ba, da na kankare na mayar maka. Ya'u, da nonon raƙuma aka yi shi?"

"Ba sabulun ne maganar ba," ya ji bakinsa yana faɗa. "Mutane ne maganar."

"To ni ina zan samo mutane? Matan layin nan da ke aiko da ɗari biyu a raba musu mai? Ko 'ya'yana zan tara in ce kowa ya biya, in ba haka ba ban yafe nono ba?" Ta goge hannu da gefen zane. "Tsaya ma tukun. Duk yaranka da ke cike da birni, masu durƙusa maka har ƙasa, me ya sa ka tsallake su ka zo wurina?"

"Don ke kaɗai ce za ki iya ce mini a'a."

"Au, ita ka zo nema? A'a. Ka samu. In ƙara maka wata ka kai wa matarka Jummai tsaraba?"

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya natsa ya tambaye ta ko a ganinta damfara ce.

"Ni ina na sani? Ban ga wanda ya gudu da kuɗin kowa ba. Abin da na sani, kayan da ba ya sayuwa sai wurin mai jin nauyinka, ba kayan kake sayarwa ba." Ta tura sabulun ƙarƙashin faranti. "Wannan kuma da na jiƙa ya zama nawa. Ɗayan ma bar shi, abin bawa na ubangijinsa ne."

Ya dawo gida da aljihu fayau da zuciya sakayau, sai ya tarar da takalma a ƙofar zaure. Bahago ne zaune a inda yake zama tun yana yaro, can kusa da ƙofa, ko da yake yanzu shi ma ana ce masa malam a unguwarsu. Bayan gaisuwa ya zaro kuɗi a naɗe ya ajiye a gefen tabarma da hannu biyu.

"Suhaib ya biyo jiya, ya ce Malam yana ciki. Na ce in dai Malam yana ciki ai magana ta ƙare."

"Wannan kuɗin na mene ne a da?"

Bahago ya sosa ƙeya. "Ba komai, Malam. Zaren aikin salla ne, amma za a san yadda za a yi."

"In tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Da wani ne can daban ya kawo maka wannan harka, za ka shiga?"

Bahago ya sunkuyar da kai. Ya kama zaren tabarma yana murzawa da hannunsa na hagu. Malam Ya'u ya jira, ya ga mutumin ba zai iya cewa e ba don ba ya ƙarya, ba zai iya cewa a'a ba don Malam ne. Ya taɓa ganin tsoro a fuskar yaran da ya koyar, amma wannan ya fi tsoro ciwo, don da ƙauna aka haɗa shi.

"Ɗauki kuɗinka."

"Haba Malam, ai na riga na kawo."

"Umarni nake ba ka. Ka je ka sayi zare, ka kuma gaya wa sauran biyun na ce kada wanda ya zo."

Bahago ya ɗauka. Kafaɗunsa sun sauka, kuma da zai tafi sai ga shi yana ba da labarin wani mai riga da ya zo da shadda yadi biyar yana son aska takwas, suka yi ta dariya kamar da.

Suhaib ya zo bayan la'asar, labari ya riga ya same shi. Bai ɗaga murya ba, ba tarbiyyarsa ba ce, amma ya ƙi haɗa ido.

"Baffa, da ka bari sun shiga, su ma za su samu."

"Daga wa?"

"Daga waɗanda za su kawo."

"Yaransu ke nan. Su kuma yaran su kawo wa? Haka za a yi ta gangarawa har a kai kan wanda ba mai jin nauyinsa, shi ya kwana da katan." Malam Ya'u ya dube shi. "Ban ce maka damfara ce ba, ban san zuciyar masu ita ba. Kai dai gaya mini, wa ya shigar da kai?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Yaya Kabir."

"Wane Kabir?"

"Na Gyallesu. Yayan Radiya."

Radiya ita ce yarinyar da za a ba shi. Malam Ya'u ya ajiye allura. Ashe yaron bai zo masa da takobi ba, da sara ya zo a jikinsa.

"Ka so shiga?"

"Ya kira ni har gida, ya ba ni lemo, ya ce yana so ya ga na tsaya da ƙafata kafin biki. Baffa, me zan ce masa? Yanzu ma abin da ke damuna ke nan. Kuɗin sun tafi, na haƙura. Amma da wane baki zan ce masa na fasa?"

"Ba kai za ka fasa ba. Ka ce Baffa ya hana."

Suhaib ya ɗago kai.

"Ka ce tsoho ne mai taurin kai, ka yi ka yi ya ƙi. Ba ƙarya ka yi ba, na hana ɗin. Kabir ɗan gidan mutunci ne, ba zai ce ka saɓa wa wanda ya raine ka ba. Ranar Juma'a kuma in an sauko zan je in gaida mahaifinsu, mu yi zancen ranar biki, ba zancen sabulu ba."

Yaron ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, irin wadda Bahago ya ɓoye. Ya ɗan murmusa. "To katan ɗina fa? Guda biyu ne a ɗaki."

"Ka kai wa Gwaggonka Uwa, ta ce yana da kyau. Za ta saya a kuɗin sabulu, ba kuɗin mutane ba. Ka shirya, sai ta zage ka tukun."

Da Suhaib ya fita, Malam Ya'u ya jawo buta ya wanke hannu. Kumfa ta taso fara sol. Ya lissafa a ransa cewa katan ɗin zai kai shi har bayan biki, har da na ba Jummai. Ya ɗauki rigar ya shimfiɗa a gwiwa, sai wani tunani ya zo ya zauna kusa da shi: Bahago bai karɓi kuɗinsa ba sai da aka umarce shi, Suhaib bai fita ba sai da aka hana shi, Kabir ma kunya ce za ta rufe masa baki. Takobin dai shi ne, bai ajiye shi ba, juya shi kawai ya yi. Ko wanda ya mayar wa mutum abinsa da takobin kunya shi ma yana da abin amsawa?

Ya ga wannan tambaya ce da za ta ishe shi abokiyar zama har ya gama askar da ke hannunsa, wataƙila har ta gaba. Ya zura zare a allura, ya matsa inda hasken ƙofa ya fi faɗowa.