Giya Biyu a Kan Farin Ƙyalle

A ƙarshen layin masu gyaran mota, inda kwalta ta ƙare ta bar wa tsakuwa hanya, akwai garejin wani dattijo da ake kira Mai Kunne. Allah Ya yi masa baiwar sauraro: mota za ta shigo, kafin a kashe ta ya faɗi abin da ke damun injinta, a buɗe kuma a tarar haka ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a kan wannan sana'a, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Ɗan ƙanwarsa, wanda ake kira Safiyo saboda aikinsa na awon filaye, ya kawo masa motar da ya gada daga mahaifinsa. Tsohuwar mota ce mai lafiya, sai dai idan aka loda mata kayan awo aka nufi hanyoyin tudu, takan yi ta nishi. Safiyo ya ƙi sayar da ita, domin marigayin da hannunsa ya sake haɗa injinta, kuma irin injin ya yi wuyar samu. Sai ya sayo wata na'ura da ake kira sufacaja, wadda ake ɗaura wa inji da bel ta riƙa cusa masa iska fiye da wadda yake shaƙa da kansa, ƙarfinsa ya ƙaru.

Da Mai Kunne ya gama jujjuya na'urar yana leƙa cikinta, sai ya ce ba zai ɗaura ta ba sai an fara da famfon mai. Safiyo mutum ne mai son sanin dalilin kowane abu, ya tambayi kawun nasa me ya haɗa iska da famfon mai. Dattijon ya ɗauko tsohon famfo ya buɗe masa. A ciki akwai giya biyu, wato zobban ƙarfe masu haƙora, ƙarama a cikin babba, suna juyawa suna tura baƙin mai zuwa kowane lungu na injin. Ya bayyana masa cewa giyar da kamfani ke sakawa daga garin ƙarfe ake yin ta, a danne shi a gasa har ya haɗe, kuma tana isar injin da aka bari yadda aka ƙera shi. Amma idan aka ƙara masa ƙarfi, girgizar da ke bin sandar injin takan tsaga ta farat ɗaya, mai ya tsaya, injin ya cinye kansa kafin direba ya kai ga taka birki. Abin da ake bukata shi ne giyar da aka sassaƙo daga dunƙulallen ƙarfe.

Safiyo ya ce to a nemo. Aka aika wa Dogo, mai shagon kayan gyara, wanda tun suna samari yake tsokanar Mai Kunne.

Washegari da hantsi Dogo ya kawo kwali biyu, ɗaya na gama-gari ɗaya na dunƙulallen ƙarfe, domin Safiyo ya ce yana son ya ga bambancinsu da idonsa. Ya ajiye a kan tebur ya koma buɗe shago. To, Mai Kunne yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba: duk sabon kayan da zai shiga inji sai ya fitar da shi daga kwali, ya wanke shi da kananzir, ya shimfiɗa a kan farin ƙyalle. Kwalin kuwa yakan yaga ya jefa a ganga, domin ya sha ganin kwalin kirki ɗauke da kayan banza. Haka ya yi ba tare da wani tunani ba. Ya jiƙa kowane saitin giya a kwanonsa na kananzir, ya goge, ya jera su gefe da gefe.

Da Safiyo da Dogo suka iso, sai suka tarar da saiti biyu suna ƙyalli iri ɗaya, haƙoransu ɗaya, faɗinsu ɗaya, babu tambari a jikin ko ɗaya. Dogo ya leƙa ganga ya ga yagaggun kwalayensa, ya girgiza kai ya ce shi yanzu ko za a yanka shi ba zai iya cewa wannan daga wane kwali ya fito ba, kuma wannan saitin mai ƙarfi shi kaɗai ya rage masa, wani sai bayan wata biyu.

"Kai da kwali kake ciniki," in ji Mai Kunne. "Ni ƙarfen nake tambaya."

Ya ciro zare daga aljihu, ya rataye babbar giyar saitin dama, ya ɗauki ƙaramar sifana. Ya gaya wa Safiyo cewa dunƙulallen ƙarfe yana da dogon amo siriri, wanda aka yi da gari kuwa muryarsa gajera ce, tana fita tana mutuwa. Ya kusantar da giyar ga kunnensa ya buga. Ya ji ƙwas ɗin bugun, bai ji komai a bayansa ba. Ya sauke ta, ya rataye ta hagu, ya buga. Ƙwas, sai shiru.

Ya sake bugawa, ya juya ɗayan kunnen. A nan ne wasu abubuwa da ya daɗe yana ba su uzuri suka taru a zuciyarsa. Tsuntsayen da ke sheƙa a rufin garejin, ya ɗauka sun ƙaura ne, alhali kashinsu yana nan sabo a kan bango kowace safiya. Jikokinsa kuma ya fi shekara yana yi musu faɗa cewa suna magana ƙasa-ƙasa. Kaurin muryar inji yana jin sa har yanzu. Siririn sauti ne ya tafi, kuma shi ake nema a yau.

Mutanen biyu suna tsaye suna jiran hukunci, babu alamar shakka a fuskarsu. Da zai nuna ɗaya ya ce ita ce, da babu mai musa masa. Idan ya dace, shi ke nan. Idan kuwa ya kuskure, za a rufe injin, a ɗaura sufacaja, wata rana a kan wani tudu giyar ta fashe, kuma kowa zai ɗora laifin a kan tsufan motar. Babu wanda zai sani sai shi da Ubangijinsa.

Dogo ya ce, "Yaya dai, Mai Kunne? Ko ƙarfen ya ƙi gaisuwa ne yau?"

Dattijon ya ce hayaniyar layin ta yi yawa, a bari sai an sauko daga sallar Azahar. Ya lulluɓe giyoyin da gefen ƙyallen. Layin kuwa ba shi da wata hayaniyar da ta wuce ta kullum.

Mai Kunne ya yi alwala a hankali fiye da yadda ya saba. A cikin sahu ya yi ƙoƙarin tattara zuciyarsa, amma tunanin amanar da aka ba shi ya ƙi barinsa. Mai motar maraya ne a wurinsa ko da ya yi furfura, kuma bai kawo motar nan don kyan garejin ba, ya kawo ta ne don ya yarda da maganar kawunsa. Ya ga cewa jin da aka ara masa shekara arba'in Mai shi ne Ya fara karɓar abinSa, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Abin kunyar shi ne a ci gaba da karɓar yardar mutane da sunan abin da ba ya hannu. Ya daɗe a zaune bayan sallama.

Da suka dawo gareji bai zauna ba. Ya yaye ƙyallen ya ce, "Ɗana, ban ji komai ba ɗazu. Duka biyun ɗaya suke a kunnena. Hayaniyar da na ce, ba ita ba ce, Allah Ya yafe mini."

Safiyo ya sunkuyar da kai, kamar shi ne ya yi laifin. Dogo ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar abokinsa, ya fasa. Can sai ya ce ai shi ma allura ta fi shekara uku ba ya ganin kafarta, matarsa ce ke karanta masa ƙananan lambobin kaya, kuma duk wanda ya faɗa a layi sai sun yi shari'a.

Mai Kunne ya miƙa wa Safiyo zaren ya ce ya ara masa kunnuwansa. Ya nuna masa yadda zai riƙe kada yatsa ya taɓa ƙarfen, ya buga masa ta dama, ya buga ta hagu. Safiyo ya ce ta hagu ta fi jan amo. Dogo ya karɓa ya saurara, ya rantse cewa ta dama ce. Aka maimaita sau uku, Safiyo ya fara kokwanto, ya ce shi dai bai saba ba, kada a rataya injin mahaifinsa a kan kunnen da yau ya fara koyo.

Sai ya koma ga tambayarsa ta kullum: me ya sa ma muryoyin suke bambanta? Kawun ya ce saboda ƙarfen gari, duk yadda aka danne shi, akwai ƙananan ƙofofi a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, su ne ke shanye amon. Sai Safiyo ya tambaya ko ƙofofin da ke shan amo suna iya shan ruwa. Ya ce a wurin aikinsa yakan bambance dutse mai ƙofofi da dunƙulalle bayan an ɗauke ruwan sama: ɗaya ya bushe nan take, ɗaya ya yini yana tsattsafo.

Mai Kunne ya dubi kwanonin kananzir da ke ƙarƙashin tebur. Giyoyin sun yi kusan sa'a guda a ciki da safe. Bai taɓa gwada haka ba, bai kuma taɓa jin wanda ya gwada ba, amma ya ji sha'awar abin ta kama shi kamar lokacin da yake koyo. Ya mayar da su cikin kananzir na ɗan lokaci, ya tsamo, ya goge kowace da busasshen tsumma har babu sauran danshi. Safiyo ya yago farar takarda biyu daga littafin awonsa. Suka shimfiɗa su a kan wani fallen ƙarfe da rana ta gasa a bakin ƙofa, suka ɗora saitin dama a ɗaya, na hagu a ɗaya, suka tsuguna su uku suna kallo. Wani mai wucewa ya tambaya ko wani abu ne ya faɗi, Dogo ya ce masa ƙarfe suke jira ya yi gumi, ya yi gaba abinsa.

Da farko babu abin da ya faru. Da ƙarfen ya ɗauki zafi, sai fuskar saitin dama ta fara dushewa da wani ɗan danshi, kamar goshin mai tafiya a rana. Mai Kunne ya goge shi da yatsa, ya sake fitowa. Da aka ɗaga, zanen haƙoran ya fito a takarda da maiƙo. Takardar hagu kuwa fara tas.

Dattijon ya yi tasbihi a hankali. Ya ce shekara arba'in yana riƙe wannan ƙarfe bai san yana shan abu ya ɓoye ba, lallai abin da ɗan Adam bai sani ba a cikin abin da ke tafin hannunsa ma ya fi wanda ya sani. Dogo ya ce ai shi dama ta hagu yake nufi, hannun mai kallo ne ya rikita shi. Ya naɗe saitin dama a takardarsa ya soke a aljihu.

Mai Kunne bai tsaya nan ba. Ya zaunar da saitin hagu a gurbinsa cikin famfon motar, ya auna ratar da ke tsakanin haƙora da siraran ƙarafan awo, ya sa Safiyo ya karanta masa lambar, ta faɗa daidai inda ake so. Ya cika famfon da baƙin mai kada ya fara juyawa a bushe, ya yi bisimilla ya ɗaure. Kafin la'asar sakaliya an rufe gaban injin. Sufacajar ya ce sai an ga lafiyar famfon na kwana uku tukuna.

Ya umarci Safiyo ya tayar. Injin ya kama, allurar awon baƙin mai ta miƙe ta tsaya a inda ya kamata. Dattijon ya ɗora tafinsa a kan murfin injin yana jin motsinsa, sa'annan ya yafuto ɗan ƙanwarsa ya fito ya sunkuya kusa da famfon.

"Kana jin wani siririn kuka, kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe?"

Safiyo ya saurara da kyau ya ce babu, Kawu.

"Kada ka ce babu don ka faranta mini. Sake saurara."

Ya sake, ya daɗe, ya ce babu.

Mai Kunne ya yi hamdala, ya ce a bar ta ta yi zafi. Ya kuma gaya wa Safiyo cewa ranar ɗaura sufacaja ya nemi izini a wurin aiki ya zo tun safe, domin akwai sautuka uku da za a saurara a ranar, kuma sai ya koya masa su kafin a tayar.