Birkin Luƙman

Luƙman ya sake taka birki da ƙarfi. Motar ta duƙa, Baba Rabe ya yi gaba har bel ɗin kujera ya shaƙe shi a ƙirji. Kafin ta tsaya cak sai Luƙman ya saki, ya ba ta wuta, ta sake miƙewa.

"La'ilaha illallah," in ji tsohon a hankali. Ya ɗaga hannun da ba a yi masa allura ba ya kama mariƙin da ke saman ƙofa.

Daga asibiti suke. Baba Rabe maƙwabcinsu ne a Nakkasa, wata unguwa a kan tudun Makka, bango ɗaya ya raba gidajensu, kuma shi ya tsaya wa Luƙman tun ranar da mahaifinsa ya rasu, har ya samo masa aikin otal a unguwar Misfala. Da ƙodar tsohon ta gaza, Luƙman ne ke kai shi wanki ya ɗauko shi. Ya san yadda yake fitowa duk ranar wankin ƙoda, kamar tsumman da aka matse, ba ya son magana, ba ya son ko ƙamshin turare.

Amma jiya Nuru bakanike ya ɗaura wa motar sababbin takalman birki da manyan faya-fayai, irin na tsere, ya zuba mata man birki mai jure zafi. Ya kuma ja masa kunne. "Kada ka kai su halaba ɗanyu. Ka samu titin da ba kowa, ka yi gudu ka taka, ka yi gudu ka taka, har su yi zafi su zauna a kan faifan. Kuma in sun yi zafi kada ka tsaya, ka ci gaba da tafiya iska ta sa su huce."

Halaba suke kiran filin tseren motoci da ke bayan Riyad, inda wasu ranaku akan buɗe wa duk mai mota ya shiga ya gwada kansa. A zuwan Luƙman na baya birki ya yi zafi har man ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka soso, ya zarce kwana ya faɗa cikin yashi a gaban samarin Riyad. Wani ya ɗauka a waya, har yanzu abokai suna turo masa. Shi ya sa da ya ga babban titi wayam, zafin azahar ya kori kowa, sai ƙafarsa ta fara yi masa ƙaiƙayi.

Ya yi ta takawa yana saki. Wari ya fara shigowa, kamar ana ƙona gashi da roba tare. Can sai ya ji wani sauti a gefensa. Ya juya ya ga Baba Rabe ya toshe baki da hiraminsa, amai ya riga ya ɓata masa gaban jallabiya.

"Baba! Sannu, sannu."

Tsayawa ya kamata ya yi. Bai tsaya ba. Ya rage gudu kawai, yana tuƙi da hannu ɗaya, yana miƙa wa tsohon takardar goge baki da ɗayan, har sai da warin birkin ya lafa.

"Ka yafe mini, ɗana, na ɓata maka kujera," in ji Baba Rabe da numfashi ya dawo masa. "Me ya samu motar? Na ji tana ta fizga."

Luƙman ya zuba wa titi ido. "Faramil ne, Baba. Birki. Yana ɗan ba ni matsala."

"Subhanallahi. Kuma a haka ka fito ɗaukata? Ka sa ranka cikin haɗari saboda ni?"

"Basita, Baba. Ba wani abu ba ne."

A gindin tudu ya ajiye motar, inda titi ya ƙare matakala ta fara. Ya riƙe tsohon suka hau a hankali, suna hutawa a ƙofar kowane gida. Inna Shatu, matar Baba Rabe, tana tsaye bakin ƙofa, ta ga jallabiyar ta yi salati.

"Ba komai," in ji mijin. "Yaron nan ne za ki sa wa albarka. Da mota marar birki ya kawo ni, Allah kaɗai ya tsare mu."

Inna Shatu ta yi ta sa masa albarka har ya rasa inda zai sa idonsa. Da yamma ta aiko masa da kwanon dambu. Ya buɗe, ya rufe, ya ba ƙannensa.

Ranar wanki ta gaba ya zo da wuri ya yi sallama, Inna Shatu ta ce ai tuni Baba Rabe ya sauka neman tasi. "Ya ce kada a ƙara wa motarka nauyi sai an duba ta."

"Inna, ai an gyara. Halas, magana ta ƙare."

"To, zan faɗa masa."

Ta faɗa masa, bai yarda ba. Takalman birkin tsere ba sa yin shiru in suna da sanyi. Kullum da safe in Luƙman ya gangara daga gindin tudu, sai su yi wata ƙara siririya mai shiga haƙori, unguwa duka ta ji. Tagar Baba Rabe kuwa tana kallon gangaren.

"Ga ta can tana kuka," yakan ce wa matarsa. "Kunya ce ta sa ya ce an gyara. Ba ya son in damu."

Da Luƙman zai bayyana dalilin kukan, sai ya bayyana wane irin birki ne. Da ya faɗi wane iri ne, tsohon zai gane abin da aka yi da shi a ciki ranar nan. Sau da yawa ya tsaya a ƙofar gidan da maganar a bakinsa, sai ya gaishe su ya wuce.

Wata la'asar yana bakin aiki Nuru ya kira shi.

"Tsohonku ya zo warsha, nan garejina."

"Wane tsoho?"

"Baba Rabe mana. Da ƙafa ya zo, daga Nakkasa har nan. Ya zauna a kan taya yana haki, na ba shi ruwa, ya ce likita ya hana shi sha da yawa, leɓe kawai ya jiƙa. Roƙona ya zo yi don Allah in duba maka birki, wai kai maraya ne, ba ka da mai faɗa maka gaskiya."

Luƙman ya juya wa baƙin da ke gaban tebur baya. "Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce zan duba. Ko so kake in ce masa ni na ɗaura da hannuna, kuma duk Makka ba mai irinsa?" Nuru ya rage murya. "Ya ba ni labarin yadda ta riƙa fizga a hanyar asibiti. Luƙman, da shi a ciki ka zaunar da takalman nan?"

Luƙman ya hau gyara makullan ɗakuna a kan allo.

"Haram alaik, ba ka kyauta ba," in ji Nuru, ba da faɗa ba, ya kashe waya.

Luƙman ya yanke wa kansa cewa zai faɗi gaskiya, amma sai ya dawo daga Riyad, inda zai kai motar halaba. Ana gobe zai tafi ya shiga gaishe da tsohon. Ya same shi kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi. Inna Shatu ta raɗa masa cewa wankin da ya wuce bai je ba. Ya sauka, ya daɗe a rana bai samu tasi ba, ya hawo da ƙyar.

"Me ya sa ba ku kira ni ba?"

"Ya hana."

Baba Rabe ya buɗe ido. "Na ji an ce tafiya za ka yi. Ɗana, ka fasa. Hanyar Riyad ba ta mota marar lafiya ba ce."

"Da motar abokina za mu, Baba."

"Alhamdulillahi." Ya lalubo hannun Luƙman ya riƙe. Tafinsa sanyi ƙalau. "Yanzu hankalina ya kwanta."

"In na dawo ni zan kai ka wanki. Ko kana so ko ba ka so."

Tsohon ya yi murmushi. "In an gyara."

Washegari Luƙman ya gangara da motar a giya mafi ƙasa, bai taɓa birki ba sai da ya yi nisa da unguwa.

Ranar Juma'a da safe aka buɗe musu fili. Birkin bai ba shi kunya ba. Ya shiga kwanar da ta taɓa jefa shi cikin yashi, ya jinkirta takawa fiye da duk yadda ya taɓa yi, motar ta kama ƙasa ta juya kamar an ja ta da igiya. Zagaye bayan zagaye birkin yana nan da taurinsa. Da ya gama ya yi zagaye ɗaya a hankali don ya huce, ya fito ya ajiye motar bai ja birkin hannu ba, ya tokare taya da katako. Faya-fayan sun yi shuɗi-shuɗi, suna ƙas-ƙas, zafi yana tashi daga jikinsu. Wani Bariyade ya durƙusa ya leƙa ya ce, "Masha Allah, wa ya haɗa maka?" Luƙman ya yi dariya har cikin ransa.

Sai can wajen la'asar, bayan sun dawo daga masallaci, ya ciro wayarsa daga jaka. Sunan Nuru ne jere a fuskarta.

"Ina ka shiga?" in ji Nuru. Bayansa ana jin hayaniyar mutane da ƙarar mota. "Baba Rabe ya cika da hantsi. An yi masa salla a Harami bayan Juma'a. Yanzu muke fitowa daga maƙabartar Shara'i."

Luƙman ya zauna a ƙasa, a jikin tayar. Zafin ƙarfen da rana ta gasa yana dukan bayansa ta cikin riga, bai matsa ba.

Sai Asabar ya iso Makka. An shimfiɗa tabarmi a lungun, maza suna zaune, ana zagayawa da gahawa. Ya gaisa da kowa ya shiga ciki. Inna Shatu tana zaune a kusurwar ɗaki, 'yarsu Ramlatu da ta zo daga Jidda tana gefenta. An naɗe katifar an jingine ta a bango.

"Inna, Allah ya ji ƙan Baba. Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin, ɗan nan. Ka dawo lafiya?" Ta gyara mayafinta. "Bai sha wuya ba. Ruwa ne ya cika masa ƙirji, kafin a samo masu sauko da shi, shi ke nan. Da safen ma sai da ya ambace ka. Ya leƙa ta taga bai ga motarka ba, na ce wataƙila Nuru ne ya ɗauka zai duba. Ya ce to madalla."

Luƙman ya durƙusa sosai har gwiwarsa ta taɓa tabarma.

"Inna, akwai maganar da nake so ki ji. Motar nan lafiyarta ƙalau. Birkin..."

"Kai, alhamdulillahi!" Fuskarta ta washe a karon farko. Ta juya wajen 'yarta. "Ramlatu, kin ji? An gyara. Da Malam yana nan da ya ji daɗi. Allah ya saka wa Nuru."

Ramlatu ta ce amin. Wasu mata suka yi sallama a bakin ƙofa, aka ce su shigo. Luƙman ya ɗan jira, sauran maganar tana bakinsa, amma Inna Shatu ta riga ta miƙa hannu tana amsa gaisuwa. Ya tashi ya ba su wuri.

Bayan la'asar ya roƙi Nuru ya kai shi maƙabarta. Da suka shiga, Nuru ya yi gaba har wani layi da ƙasarsa ba ta gama bushewa ba, ya tsaya yana waige-waige. Kaburburan duk iri ɗaya ne, ba suna, ba rubutu, sai ɗan dutse a kan kowanne.

"Cikin waɗannan ne," in ji shi. "Wallahi jiya mutane sun yi yawa. Ko wannan, ko na gaba da shi."

Luƙman ya dubi na farko, ya dubi na biyu. Ya koma farkon layin ya yi sallama, ya ɗaga hannu, ya fara tafiya a hankali yana tsayawa a gaban kowane dutse. Can nesa wani ma'aikaci yana jan tiyo, yana yayyafa ruwa a kan sabuwar ƙasa don kada iska ta kwashe ta.